Idan Koko Yana Fitowa ta Hanci: Kafar Rufin Baki da Yadda Ake Rufe Ta

Wannan takarda ta iyaye ce da 'yan kasuwa na Nima, Maamobi da sauran unguwannin Zango na birnin Ankara ta ƙasar Gana, da kuma danginsu da ke kai da komo tsakanin Gana, Nijar da Nijeriya. Tana bayani a kan wata lalura da gidaje da yawa ke ɓoyewa saboda kunya, wato kafar da ke haɗa baki da hanci. Lalura ce da ake gyarawa, kuma da naman jikin mai ita ake gyara ta. Sai dai nasarar gyaran ta rataya a kan abubuwa uku: a zo a kan lokaci, a zo da jiki mai ƙarfi, a kuma kula da ɗinkin bayan an koma gida.

Rufin baki da aikinsa

Duk wanda ya ɗora harshensa a saman bakinsa zai ji wani rufi mai tauri daga gaba, mai taushi daga baya. Na gaban shi ne ganɗa, ƙashi ne lulluɓe da nama. Na bayan shi ne hanɗa, tsoka ce mai motsi wadda beli ke rataye a ƙarshenta. Wannan rufi shi ne katangar da ta raba ɗakin baki da ɗakin hanci. Idan mutum zai haɗiya, hanɗa takan ɗaga ta toshe hanyar hanci domin abinci ya wuce maƙogwaro. Idan zai furta sautuka irin su b, t, k da s, ita ce ke tare iska a cikin baki har sautin ya fito da ƙarfinsa.

Da zarar an samu kafa a wannan katanga, sai ayyukan nan su lalace. Nono ko koko ya riƙa zubowa ta hanci, jariri ya kasa zuƙar mama, magana ta koma ta hanci har a kasa gane abin da yaro ke faɗi. Guntayen abinci kan maƙale a kafar su jawo wari. Yaran da aka haifa da tsagaggen rufin baki kuma ruwa yakan taru musu a cikin kunne, abin da ke rage musu ji idan ba a lura ba.

Daga ina kafar ke fitowa?

Hanya ta farko ita ce haihuwa. Rufin bakin ɗan tayi yana farawa ne a matsayin ɓangare biyu, na dama da na hagu, waɗanda ke haɗuwa a tsakiya tsakanin mako na 6 da na 12 na ciki. Idan ba su gama haɗuwa ba, sai a haifi jaririn da tsaga a rufin baki, ko a leɓe, ko duka biyun. A duniya, kusan jariri ɗaya cikin kowane 700 ake haifa da irin wannan tsaga. Gado yana da hannu a ciki, haka nan shan taba ko giya lokacin ciki, ciwon sukarin da ba a kula da shi ba, da wasu magungunan farfaɗiya. Mai shan maganin farfaɗiya kada ta daina da kanta. Ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki. A yawancin jarirai ba a iya nuna dalili guda. Abin da ya tabbata shi ne tsagar tana faruwa tun kafin mata da yawa su san suna da ciki, don haka babu hujjar ɗora wa uwa laifi, ko a ce ta fita lokacin husufin wata, ko a ce aljanu sun taɓa yaron.

Hanya ta biyu ita ce buɗewar ɗinki. Wani yaron an riga an yi masa tiyatar rufin baki, amma wani ɗan wuri a layin ɗinkin ya sake buɗewa. Wannan yakan faru ko a hannun ƙwararru, musamman idan tsagar tana da faɗi, ko ƙwayoyin cuta sun shiga, ko wani abu ya soki ɗinkin. Iyaye da yawa kan karaya a nan, su ce aikin ya ɓaci. Alhali mafi yawan rufin yana nan daram, ɗan abin da ya rage ne ke neman faci.

Hanya ta uku ita ce ciwon noma, wanda a ƙasar Sakkwato wasu ke kira ciwon iska. Akwai bayani a kansa a gaba. Sauran hanyoyin sun haɗa da haɗarin babur ko mota, faɗuwar yaro da tsinke ko fensir a baki, da ramin da kan rage bayan an yanke ƙari ko ciwon daji daga muƙamuƙin sama. Cire haƙorin turmi na sama ma yakan bar 'yar kafa zuwa kogon da ke gefen hanci.

Me ya sa ba a jawo bakin kafar kawai a ɗinke?

Duk tela ya san cewa idan yadi ya yage ana iya haɗa bakinsa a ɗinke, amma idan wuta ta ci wani yanki, dole a nemo ƙyalle a yi faci. In aka dage aka jawo bakin ramin da ƙarfi, ɗinkin zai ɓalle ran farko da aka sa rigar. Naman ganɗa a ɗame yake a kan ƙashi kamar fata a kan ganga, ba ya miƙewa. Idan kuma an taɓa yin aiki a wurin, tabon da ya bari ya fi naman asali tauri, kuma jini ba ya gudana a cikinsa sosai. Saboda haka likita yakan nemo nama daga wani wuri ya rufe kafar ba tare da ja ba.

Ana kuma rufe ta ne hawa biyu: shimfiɗa ɗaya ta fuskanci hanci, ɗaya ta fuskanci baki. Wani lokaci akan saka wani abu na uku a tsakaninsu don ƙarin ƙarfi, ta yadda ko ɗaya ta ɗan saki, sauran za su riƙe.

Dashen nama iri biyu ne, kuma masu lambu za su gane bambancinsu nan take. Akwai wanda ake yanke shi ɗungurungum daga inda yake a kai shi sabon wuri, kamar reshen da ake ɗaura wa mangwaro idan za a yi masa aure. Wannan ba shi da jinin kansa. Yana rayuwa ne da ɗan ruwan da yake tsotsa daga naman da aka ɗora shi a kai, har sababbin jijiyoyi su tsiro su shige shi cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma wanda ake ɗagowa a juya shi zuwa kafar amma a bar gindinsa manne da jijiyar da ke ciyar da shi, kamar yaɗon dankali da aka kwantar ya yi saiwa alhali yana haɗe da uwarsa. Irin na biyu aka fi dogara da shi wajen rufe kafar baki, domin ƙarƙashin kafa babu komai sai iska, kuma nama ba ya rayuwa sai da jini.

Inda ake samo naman

*Rufin bakin kansa.* Idan kafar ƙarama ce, likita yakan ɗago naman da ke gefenta ya juya shi ciki ya zama shimfiɗar hanci, sannan ya ɗago wani yanki mai faɗi na ganɗa tare da jijiyarsa ya rufe ta sama. Wurin da aka ɗebo yakan cike da kansa cikin makonni kaɗan. Wannan dabara ta ɗaga naman ganɗa gaba ɗaya daga kan ƙashi tsohuwa ce: wani likita Bajamushe, Bernhard von Langenbeck, ya bayyana ta a 1861, kuma har yau ana aiki da ita.

*Cikin kunci.* Naman cikin kumatu yana da taushi da yalwar jini. Akan yanko dogon yanki daga nan a lanƙwaso shi ta bayan haƙora zuwa rufin baki, ba tare da an bar tabo a fuska ba. A cikin kuncin kuma akwai wani ɗan curin kitse da ake iya jawowa a cike rami da shi, musamman ramin da ke can baya.

*Harshe.* Idan kafar babba ce, tana gaba kusa da haƙora, kuma an yi ta gwada rufe ta tana buɗewa, akan koma ga harshe. Likitoci biyu na ƙasar Meziko, Guerrero-Santos da Altamirano, su suka bayyana wannan hanya a 1966. Ana ɗago siririn yanki daga bayan harshe a ɗinke shi a bakin kafar, a bar shi haɗe da harshen har mako biyu zuwa uku. Idan ya kama, sai a sake ɗan gajeren aiki a raba su. Waɗannan makonni suna da wuya, domin abinci mai ruwa kaɗai ake sha kuma magana kaɗan ake yi, shi ya sa aka fi yin sa ga yaran da suka yi wayo da manya. Harshen yana warkewa, kuma mutum yana ci gaba da magana da jin ɗanɗano.

*Ƙashin ƙugu.* Idan tsagar ta ratsa dasashi inda haƙora ke tsirowa, nama kaɗai bai isa ba. Akan ɗebo ɗan lallausan ƙashi daga cikin ƙashin ƙugu a cusa a gurbin, yawanci tsakanin shekara 8 da 11, kafin fiƙar girma ta fito. Ƙashin yakan haɗe da muƙamuƙi, ya toshe kafar, ya kuma ba haƙorin wurin tsayawa. Yaro zai ɗan ɗingisa na wasu kwanaki, daga nan ya koma tafiyarsa.

*Wurare masu nisa.* Babban rami irin wanda noma ko ciwon daji ke bari yana buƙatar nama mai yawa. Akan juyo tsokar gefen kai, ko fatar ƙarƙashin haɓa, ko ta ƙirji. A manyan asibitoci ana iya yanko fata daga hannu tare da jijiyoyinta, a haɗa su da jijiyoyin wuya da zare mafi siranta fiye da gashi, ana dubawa ta madubin ƙara girma. Aiki ne na sa'o'i da yawa.

Wani lokaci abin da ake sakawa a tsakiya guringuntsin kunne ne, ko wata shimfiɗa da aka sarrafa a masana'anta daga fatar mutum ko ta dabba. Kuna da haƙƙin ku tambayi likita daga me aka yi ta kafin ku sa hannu. Wanda kuma jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba, ko yake jiran lokacinta, likitan haƙori yana iya yi masa wani faifan roba mai kama da na haƙoran roba, ya toshe kafar lokacin ci da magana, a cire a wanke kullum.

Lokacin da ya dace

Leɓe akan gyara shi tsakanin wata 3 da 6. Rufin baki akan rufe shi tsakanin wata 9 da 18, kafin yaro ya kafa maganarsa, domin idan harshe ya saba da kauce wa kafa, gyaran furuci yakan yi wuya daga baya. Kafar da ta buɗe bayan tiyata kuwa ba a gaggauta komawa kanta. Akan jira aƙalla wata 6, sau da yawa har shekara, kumburi ya sauka, tabo ya yi laushi. Wasu ƙananan kafofin sukan tsuke da kansu a wannan lokaci, kuma wadda ba ta hana magana ko ci ana iya barin ta ana dubawa. Babba da ya girma da lalurarsa shi ma ana yi masa aiki, ko shekarunsa nawa.

Jaririn da ke jiran tiyata babban aikin iyayensa shi ne ya yi ƙiba. A riƙe shi a zaune lokacin shayarwa. Idan ya kasa zuƙa, uwa ta tatsa nononta a kofi mai tsabta ta ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa, tana sa shi gyatsa a tsakani. A kai shi awo duk wata, a cika masa alluran rigakafi. Kada a kai shi wurin wanzami cire beli: tsokar wurin ita ce likita zai yi aiki da ita, kuma yankan yana jawo zubar jini da shigar cuta.

Kafin aiki za a auna nauyinsa, a gwada jininsa don a ga ko ya isa, a duba zazzaɓin cizon sauro da sikila. Idan yana mura ko tari za a ɗaga ranar, don maganin sa barci yana da haɗari ga ƙirjin da ba shi da lafiya. Umarnin hana ci da sha kafin tiyata kuma a bi shi daidai, ko yaro yana kuka.

Makonni uku na farko a gida

A nan ne aiki da yawa ke tsira ko ya lalace. Ɗinkin cikin baki da kansa zarensa ke narkewa, amma sabon naman kamar danyen gini yake, ba ya son a jingina da shi.

- A ba da abinci mai ruwa ko mai laushi ƙwarai, mai ɗumi-ɗumi: nono, kunu, koko marar yaji, fura da aka dama sosai aka tace, romo, dafaffen ƙwai da aka murƙushe.
- A nisanci duk abin da ke da tauri ko kaifi: ƙanzo, gyaɗa, biskit, soyayyen nama, kifi mai ƙaya, rake da alewa.
- A sha da kofi. Ban da tsinken zuƙar lemo, kuma cokali ya tsaya a bakin leɓe.
- Bayan kowane ci a ba shi ruwa mai tsabta ya wanke wurin.
- A hana yatsa, fensir da kayan wasa shiga baki. Uwar da za ta koma kasuwa ta bar shi hannun babba mai lura, kada a bar wa yara 'yan'uwansa.
- Ban da fyace majina da ƙarfi. Manya su bar taba, shisha da goro har sai likita ya yarda, domin hayaƙin taba yana tsuke jijiyoyin da ke ciyar da dashen.
- Kada a shafa toka, kanwa, zuma ko wani garin magani a kan ɗinkin. A sha maganin asibiti har ƙarshe.

A koma asibiti nan take, ko da tsakar dare, idan jini yana fita bai tsaya ba, ko yaro yana ta haɗiya ba dalili, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya tashi, ko ya ƙi shan komai har fitsarinsa ya ragu, ko aka ga mugunya da wari mai ƙarfi.

Rufe kafa ba ya gyara magana rana ɗaya. Yaro da yawa suna buƙatar mai koyar da furuci, da gwajin ji, da likitan daidaita haƙora. Ku riƙe ranakun dawowa kamar yadda kuke riƙe ranar zubin adashi.

Gargaɗi a kan ciwon noma

Noma yana kama yara ne galibi tsakanin shekara 2 da 6, waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Yana farawa da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki. Cikin kwanaki kaɗan kunci ya kumbura, wani wuri ya yi baƙi, nama da ƙashi su mutu. Idan ba a yi magani ba, har tara cikin goma na yaran na iya rasuwa. Idan kuwa aka kama shi tun yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. Ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta.

Ya fi yawa a ƙauyukan yankin Sahel, inda da yawanmu ke da dangi. Duk wanda ya je gida, ko aka kawo masa yaro riƙo, ya buɗe bakin yaron ya duba dasashinsa. Warin baki tare da kumburin fuska a ƙaramin yaro lalura ce ta yau, ba a kwana da ita.

Ina za a nufa?

A fara da asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Maamobi, ko wurin awon yara, a nemi takardar turawa. A Asibitin Koyarwa na Korle Bu akwai cibiyar tiyatar gyaran jiki da kula da ƙuna, wadda aka buɗe a 1997, akwai kuma sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. A Kumasi, Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana da tawagar da ke duba masu tsagar leɓe da rufin baki. Ƙungiyoyin Smile Train da Operation Smile suna aiki a Gana, kuma suna ɗaukar nauyin tiyatar masu wannan tsaga kyauta ta hannun asibitocin da suke haɗin gwiwa da su. Ku tambayi ma'aikatan jinya yadda ake shiga, ku kuma sabunta katin inshorar lafiya tun da wuri saboda gwaje-gwaje da magunguna.

Ga dangin da ke arewa, Sakkwato tana da asibitin yara masu ciwon noma tun 1999, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafawa tun 2014, kuma magani kyauta ne. A Damagaram ta Nijar ƙungiyar Sentinelles tana da cibiyar kula da masu noma. A Yamai asibitin yara na CURE yana gyaran leɓe da rufin baki. A Kano akwai sashen tiyatar baki da fuska a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Masu tsallaka iyaka su kiyaye abu biyu. Na farko, duk inda aka yi aiki a karɓi takardar da ta faɗi ranar tiyata da irin naman da aka yi amfani da shi, a adana ta tare da littafin awo, a kuma ɗauki hotonta a waya. Likita na gaba yana buƙatar sanin jijiyar da aka riga aka taɓa kafin ya sa wuƙa. Na biyu, kada a kama doguwar hanyar mota da yaro sai likita ya duba ɗinkin ya sallame shi. Kowane aiki da ya lalace yana ƙara tabo, ya sa na gaba ya fi wuya, don haka ya fi kyau a zauna hannun tawaga ɗaya da a yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan.

Idan akwai mai wannan lalura a gidanku ko a layinku na kasuwa, yaro ko babba, ku nuna wa iyalinsa wannan takarda, ku raka su wurin ma'aikacin lafiya na unguwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.